Fumfunar Ganyen Sabara

"Adawiyya! Ke kika ba shi ganyen?"

Baba ne tsaye a bakin rumfarsa ta maganin gargajiya a unguwar Zongo.

"Ni ce, Baba..."

"To kin kashe min kasuwa! Tanimu ya ce saurayin naki na yawo yana cewa maganina duk fumfuna ce!"

Tanimu direban taksi ne, sau biyu yana neman aurena ina ƙi. Rashidu kuwa, wanda nake so, ɗalibin haɗa magunguna ne a jami'a. Wata uku ke nan da na ɗebar masa ɗanyen ganyen sabarar Baba a ɓoye don bincikensa.

"Kar in sake ganinsa a ƙofar nan!"

Kwana huɗu ban ci abin kirki ba. In zauna, in tashi, in ɗauki waya, in ajiye. Masu sayen magani sai su hango rumfarmu su wuce.

Na kasa haƙuri na kira shi.

"Rashidu, da gaske ka faɗa?"

"Na ce akwai fumfuna a cikin ganyen, zuciyata... amma ba mai lalata abinci ba. A taksin Tanimu nake waya, rabin zancen ya ji."

"Rabin nan ya raba mu!"

"Ki kawo min Baba labo, ɗakin bincikenmu. Sau ɗaya kawai."

Da kuka na shawo kan Baba. Ya hau bayan babur ɗina, muka isa labo.

Rashidu ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa ɗan farantin gilashi.

"Baba, farar fumfunar nan daga cikin ganyenka ta fito. A ciki take zaune, ganyen kuma lafiya lau. Ɗige-ɗigen nan ƙwayoyin cuta ne. Duba kewayenta."

Baba ya kai farantin kusa da ido. Kewaye da ita fes, ko ɗigo babu.

"Ita ta kore su?"

"A faranti dai. A jikin mutum sai an ƙara bincike. Amma sabarar wuri shida na gwada, taka kaɗai ta yi haka. Na rasa dalili."

Baba ya ajiye farantin.

"Sauran a ina ka samo?"

"A kasuwa."

"Shi ya sa! Ni a wani fako nake tsinka, can hanyar garin Kombissiri, kafin rana ta yi zafi. Jibi za ni. Ka zo da takalmin kirki, akwai ƙaya."

Ya juyo ya harare ni.

"Ke kuma share hawayen nan. In mun dawo, ya turo min manyansa."