Mai Kiwon Karnuka a Kwari

Ku matso kusa, ku rage murya. Mai tsoro ya tashi tun yanzu, don in na fara ba na tsayawa.

Akwai wani Lurwanu, ma'aikaci a asibitin dabbobi na bakin gari. Ba likita ba ne. Shi ke wanke keji, shi ke zuba abinci, in aiki ya yi yawa a miƙa masa sirinji. A bayan asibitin akwai rumfar da ake ajiye karnukan da aka tsinto. Dokar wurin ba ta da wuya: kare in ɓata ya yi, a ajiye shi har mai shi ya zo. Wanda haukan kare ya kama kaɗai ake yi wa allurar da ba a tashi.

Ran nan karnuka biyu ne a rumfar, dukkansu jajaye. Ɗaya ya ciji mutum, yana ta dalalar da yawu. Ɗayan a kasuwa aka gan shi yana yawo, da farin gashi a ƙirjinsa. Likita zai fita, ya ce, "Lurwanu, na kejin ƙarshe. Ka gama da shi kafin ka tashi."

Abin da likita bai sani ba, da safe Lurwanu ya sauya musu keji wajen wanke ƙasa, bai mayar da su ba. Shi ma ya manta. Hankalinsa na kan ƙwallon da za a buga, abokai na ta kiransa a waya. Ya ɗauki sirinji ya nufi kejin ƙarshe.

Karen ya taso yana kaɗa wutsiya. Ya lashe masa hannu.

Mahaukacin kare ba ya haka. Lurwanu ya sani. Abin ya ɗarsu a ransa, sai wayar ta sake ƙara, ya ce bari dai ya gama.

Karen ya kwanta a hankali, ya ɗora haɓa a kan takalminsa. Sai daga ɗaya kejin aka yi wani gurnani, ana cizon ƙarfe. Lurwanu ya waiga, ya ga kumfa a bakin wancan. Ya dubi na ƙafarsa, ya ga farin ƙirji.

Bai je kallon ƙwallo ba. Ya ja gawar bayan katanga ya binne. Ya wanke hannu da ƙasa da sabulu har fatar ta yi zafi.

Washegari da hantsi wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda. Iya Hurera sunanta, awaki take kiwo a wajen gari, idonta kuma ya yi rauni.

"Yaro, an ce nan ake kawo karnukan da suka ɓata. Nawa ja ne, da fari a ƙirji. Durwa nake ce masa. Shi ke tsare min awaki, shi ke kai ni rijiya."

Lurwanu ya dubi ƙasa. "Ba a kawo irinsa ba, Iya."

"To. Allah ya yi maka albarka da ka saurare ni. Allah ya ba ka masu jin ƙanka."

Ya kasa cewa amin. Ta juya ta fita. Har ta yi nisa yana jin muryarta a bakin titi. "Durwa! Durwa!"

Ranar bai ci komai ba. Da aka tashi, bai iya bin titi ba, kar ya haɗu da ita. Ya hau kekensa ya yanke ta kwarin da ke bayan asibitin. Rana ta faɗi, ana shirin kiran magariba.

A tsakiyar kwarin sarƙar keken ta zame. Ya sauka ya durƙusa.

Sai ya lura babu kukan gyare. Babu na kwaɗi. Shiru.

Sannan ya ji haki a bayansa. Ba na abu ɗaya ba. Ya waiga.

"Sannu da aiki."

Wani dogon mutum ne tsaye, da malfa da sanda a kafaɗa. Bakinsa ya riga ya rufe kafin muryar ta iso.

"Yauwa," in ji Lurwanu.

"Kiwo na fito."

"Shanu?"

"A'a."

Lurwanu ya sunkuyar da kai don kar su haɗa ido. Gara ma da bai yi ba. Mutumin ba takalmi, sawunsa kuma a cikin yashi ba na mutum ba ne. Dagi ne da farata, irin na kare, amma ya kai faɗin faifai.

Daga bayan rigarsa suka fara fitowa. Karnuka. Ba haushi, ba ƙarar tafiya. Suka zagaye shi suka zauna.

"Waɗanda aka turo min tun lokacinsu bai yi ba," in ji mutumin. "Ka gane wasu?"

Lurwanu zai ce a'a, sai ya ga wani baƙi mai yankakken kunne. Bara ne. An ce masa ya jira sakamakon gwaji, shi kuma ya gaji da haushinsa, ya yi masa allura. Ga wata karya mai ɗingishi, wadda ya yi wa allura ranar da bai tsaya ya tambayi kowa ba. Tun jiya yake gaya wa kansa kuskure ɗaya ya taɓa yi.

"Na gane," ya ce.

"Ba su zo cizo ba. Ba su ma san me ka yi musu ba."

Wannan ta fi cizon zafi. Lurwanu ya rufe fuska da hannu.

"Ɗaya ya ƙi bin garke," in ji mutumin. "Gida yake nema. Ni ba na shiga gari. Kai za ka kai shi."

Ya miƙo masa igiya. Ɗumi gare ta. Babu komai a ɗaya bakin, amma a miƙe take, ana jan ta.

"Kar ka saki. Kar ka waiga."

Lurwanu ya bar keken a nan. Bai san gidan tsohuwar ba, igiyar ce ta sani. Ta ja shi ya haura kwarin, ta bi da shi ta gonaki, wani lokaci ta tsaya a gindin itace kamar ana shinshina, sannan ta ci gaba. Da suka hango wani dangan kara, jan ya ƙaru har sai da ya yi gudu.

Iya Hurera na zaune a ƙofa. Awakinta, da tun jiya suke koke-koke, suka yi tsit, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗaga kai. "Durwa?"

Lurwanu ya zube a gabanta. "Iya, ni ne na asibiti. Ƙarya na yi miki. An kawo shi. Lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe shi, don ban tsaya na duba ba."

Hannunta na shafa iska a gefen gwiwarta, daidai tsayin kan kare.

"Ya wahala?"

"A'a, Iya."

"Ka bar ni ina yawo a rana ina kiran sunansa."

"Na bar ki."

"Tashi ka tafi. Ba zan zage ka ba. Amma kar ka ce in yafe yau, ban iya ba."

Igiyar ta yi laushi, ta faɗi ƙasa. Da ya taɓa ta, ta yi sanyi.

Da safe ya gaya wa likita komai, har na bara. Aka sallame shi daga aiki, bai roƙi kowa ba. Kullum da asuba sai ya je ya ɗebo wa tsohuwar ruwa ya ajiye a ƙofa. Ba ta taɓa hana shi ba, ba ta kuma taɓa kiran sunansa ba, har ta rasu.

Kekensa kuwa ba wanda ya je ɗauka. Masu itace sun ce yana can, ciyawa ta cinye shi, kuma duk safiya akwai sababbin sawu a kewaye.

Don haka kar in ji ɗayanku ya yanke ta kwarin nan shi kaɗai in rana ta yi ja. In kuma tsautsayi ya kai ku, aka yi muku sannu daga baya, ku amsa ku wuce. Kar ku dubi abin da ke biye da shi. Kowa akwai wanda zai gane a ciki.