Mutumin da Ke Cikin Gilashin Kabad

Ƙarfe takwas na safe aka kira Sufeto, aka ce an tsinci gawa a wani shagon gyaran na'urori, tsakanin shagon mai ɗinki da na mai fenti.

Injiniya ake ce wa mamacin, ko da yake bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba. Yana kwance rub da ciki, an buge shi a ƙeya tun jiya da yamma. Kwamfutarsa ba ta nan, sai shatinta a cikin ƙurar tebur. Wayoyin mutane da aka kawo gyara kuwa suna jere, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ɓarawo ba ya haka.

Shagon duhu ne, an ja labule mai kauri. Sufeto da kofur suka yi ta laluben bango suna neman makunnin fitila, har kofur ya ci tuntuɓe da kujera. Sai matar mamacin, wadda ta kwana gidan mahaifiyarta ta dawo ta tarar da wannan, ta zura hannu bayan wata tsohuwar kalanda ta kunna. Ta ce mijinta ya ɓoye shi ne don kada masu kawo gyara su riƙa kunna masa fitila yana tsakiyar aiki.

Da haske ya zo, Sufeto ya ga kujeru biyu suna fuskantar farin bango, da majigi rataye a sama.

Mai ɗinki ta ce jiya da hantsi wata mata mai goyo ta zo ta ɗaga murya, wai aikinta bai gamu ba. Da ƙarfe huɗu kuma ta ga an ja labule.

"Wa ya shiga?"

"Kaina yana kan keke, ranka ya daɗe. Amma Injiniya ba ya jan labule da rana sai zai gwada aiki."

Mai goyon ba ta yi wuyar samu ba. Auta ce a gidansu, wani tsohon bene mai matakala a ciki. Ta gaya wa Sufeto cewa wata biyu ke nan da mahaifinsu ya faɗo daga matakalar ya rasu. 'Yan'uwa suka shirya haɗuwa ranar Asabar su kalli bidiyoyin da ta ɗauka da wayarta a kwanakinsa na ƙarshe. Suka aro majigi, majigi ya ƙi buɗe ko ɗaya, sai ya rubuta cewa bai san irinsu ba. Shi ne ta kai wa Injiniya ya juya su zuwa irin wanda majigi ke karantawa. Ta amsa cewa ta yi masa faɗa, don kwana uku yana ce mata gobe.

"Ina wayar?"

"Tun jiya da yamma nake nema."

"Ƙarfe huɗu kina ina?"

"Ina ɗaki, 'yata na zazzaɓi. Yaya ya ce in zauna, shi zai karɓo."

Yayan mutum ne mai natsuwa, mai magana a hankali. Ya ce ya je ya tarar da shagon a rufe, ya juyo, kuma shi bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Sannan ya rage murya, kamar wanda maganar ke yi wa ciwo, ya ce tun rasuwar Baba ƙanwarsa ba ta cikin hayyacinta, ga zafin zuciya. Ya ce ya gan ta ta fita wajen ƙarfe huɗu, kuma da ba don hukuma ce ta tambaya ba, da har ya mutu ba zai faɗa ba.

A caji ofis, shugaban Sufeto ya ce magana ta ƙare: ga faɗa, ga waya ta ɓace, ga shaidar ɗan'uwa. Kafin a tashi aiki a rubuta mata tuhumar kisa. Aka kwance yarinyar daga bayan Auta, jikinta zafi rau, aka miƙa wa matar Yaya. Har mota ta fita ana jin kukanta.

Sufeto ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya koma shago, ya tambayi matar mamacin dalilin kujeru biyu.

Ta ce mijinta ba ya miƙa aikin bidiyo sai mai shi ya zauna ya kalla daga farko har ƙarshe, don kada a je gida a ce bai yi ba. Sufeto ya ce to ai an tafi da kwamfutar. Ta girgiza kai. Ramin da ake jona majigin da kwamfuta ya mutu tun bara, ta yi ta fama ya gyara, shi mai gyaran na mutane. Sai dai ya kwafi bidiyo a ɗan katin memori ya soka a bayan majigin, tun kafin mai aiki ya iso.

Sufeto ya taka kujera ya lalubi bayan na'urar. Katin na nan, bai kai farce ba.

Ya kalla shi da kofur. A bidiyo na uku ya tsayar, ya mayar baya, ya sake tsayarwa. Ya ce a kawo masa Auta da yayanta.

Aka zaunar da su a kujerun nan biyu. Sufeto ya ja labule, ya yi kamar yana fama da na'urar, ya ce wani ya taimaka ya kashe fitila. Kofur ya dubi ƙasa. Yaya ya miƙe, ya zura hannu bayan kalanda, ɗaki ya yi duhu.

"Na gode," in ji Sufeto. "Ni da safe minti goma na yi ina nemansa."

Sannan ya kunna majigin.

Bango ya haskaka. Ga falon gidansu, ga yarinya ta saki kujera tana taku ɗaya, biyu, muryar Auta na cewa zo, zo, uwata. Sufeto ya tambayi ranar. Auta ta ce ba za ta manta ba, ranar da 'yarta ta fara tafiya ce, ko minti biyar ba a yi ba ta ji faɗuwar Baba.

"Yaya yana ina ranar?"

"Ya yi tafiya. Washegari ya iso."

Sufeto ya tsayar da hoton. Bayan yarinyar akwai kabad mai ƙofar gilashi. A waya, abin da ke cikin gilashin bai wuce ɗigon tawada ba, sau ɗari Auta ta kalla ba ta gani ba. A bango kuwa ya kai tsayin hannu: mutum ne yana hawa matakala, takalmansa a hannu, ya waiwayo.

Auta ta daɗe tana duban bango, sannan ta juyo a hankali.

"Yaya, kai ne ka riƙe ni a zaman makokinsa."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya shiga ta ƙofar baya ne don tsohon ya sa hannu a sayar da gidan, tsohon ya ƙi, ya bi shi har bakin matakala yana zaginsa, shi kuma ya ture shi. Bai san an ɗauke shi a bidiyon ba sai jiya, a kan wannan kujerar.

"Injiniya ya ce zai tona maka asiri?" in ji Sufeto.

"A'a. Bai san komai ba. Dariya ya yi, ya ce ashe kai ma ka fito, ranar Asabar kowa zai gan ka."

Da gudumar da ke kan tebur ya bugi Injiniya. Kwamfuta da wayar Auta suna cikin tankin ruwan bayan gida. Ya kwashe duk abin da idonsa ya gani, bai ɗaga kai sama ba.

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wa ƙanwarsa wani abu, ba ta ko kalle shi ba.

Sufeto ya ce wa Auta katin zai zauna hannun hukuma, Asabar ba za a yi kallo ba. Ta ce ta ga abin da zai ishe ta. Ta ɗaure zanen goyonta, babu kowa a ciki, ta tambaya wace mota ce za ta kai ta wajen 'yarta.

Matar Injiniya ta jira suka fita. Ta kashe majigin, ta mayar da kujerun biyu jikin bango.