Jan Layi a Allon Tasi'u

Ku matso kusa, kuma kada wanda ya yi min dariya. Tasi'u ɗan Gwaggo Lami abin ya faru da shi, a Kaduna, ranar Babbar Sallah.

Duk 'yan ofishinsu sun tafi gida. Shi kuwa rabonsa da garinsu Funtuwa shekara uku, tun da suka yi cacar baki da mahaifinsa, ko waya ba ta haɗa su. Kun san taurin kansa. Ya ce shi zai tsaya ya ɗora sabuwar manhaja. Aikinta guda ne: ta riƙa kwaso rahoton sauran manhajojin kamfanin da ke cikin kilaud, wato na'urorin haya na can nesa da ba wanda ya taɓa ganinsu, tana turowa allon ofis. Mai rai ta nuna kore. Wadda ta yi shiru minti goma sai a goge ta, an ɗauka ta mutu.

Ƙa'idarsu, mutum ɗaya ba ya ɗora aiki, sai wani ya duba ya danna amincewa. Tasi'u bai tuna ba sai da ya gama. Tsakar rana ce. Gini tsit. Ƙamshin soyayyen nama na shigowa daga maƙwabta, kaɗaici ya ishe shi.

Sai allon ya nuna an amince.

Wani dattijo ne zaune a kujerar gefensa. Ba motsin ƙofa, ba sallama.

"Na danna maka," in ji dattijon. Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Malam, a nan kake aiki?"

"Aikinmu ɗaya. Ni ma masu shiru nake bi."

Tasi'u ya saci kallon ƙasan tebur. Kofato ne, irin na jaki.

Allon ya cika da kore. Can ƙasa kuwa ga wani jan layi da ba shi ya saka ba. Sunan Tasi'u ne a jiki.

"Wanda ya daina aiko saƙo," in ji dattijon, "me kuke yi masa?"

"Gogewa."

"To. Minti ɗaya ya rage maka."

Tasi'u ya jawo waya. Ya daɗe da share lambar mahaifinsa, amma yatsunsa ba su manta ba. Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Dattijon ya ɗora dogon yatsa a kan madannin gogewa.

"Wa ke magana?" in ji wata murya a wayar.

"Baba, ni ne."



"Tasi'u? Kai, ɗan nan. Ka ci abinci kuwa?"

Layin ya koma kore. Kujerar gefensa ba kowa, tana ta juyawa ita kaɗai.

Da la'asar ya hau motar Funtuwa. Ya tarar da mahaifin nasa a kwance, ashe ya daɗe ba lafiya. Kwana tara suka samu tare, a na goma aka kai shi makwanci.

Saboda haka ko wane irin aiki kuka samu, kada ku zauna ku kaɗai a gini da tsakar rana. Kuma in kun yi nisa, ku riƙa kiran gida.