Waɗanda Aka Bari a Tsohuwar Kwanare

Ranar Laraba ce, ƙarshen bazara. Hadari ya haɗu tun hantsi, ya ƙi zubarwa. Babu iska. Tafki ya kwanta shiru, ko kifi ba ya tsalle.

Ku matso. Sau ɗaya zan faɗa. Kai mai tari, fita ka gama ka dawo.

Arzika ɗan wan ubana ne. Matuƙi ne, yana da kwale-kwale mai inji. A gungun masunta yake zaune, can tsakiyar tafki. A ranar nan matarsa Kulu ta wuni ta kwana tana naƙuda, abu ya ƙi. Gwaggo Tumba, ƙanwar ubanninmu, ita ce ungozoma. Ta fito daga ɗaki tana goge hannu da bakin zani.

"Arzika, ɗan ya gicciye. Ya fi ƙarfina. Asibiti."

"Yanzu, Gwaggo?"

"A'a, bari sai baɗi. Tashi, malam!"

Maza duk sun tafi kamun kifi. Shi da Gwaggo suka ɗauko Kulu a tabarma, suka shimfiɗe ta a cikin jirgi. Ta daina kuka. Wannan ya fi ba shi tsoro.

Asibiti yana nan garinmu, Sabuwar Kwanare. Ku yaran yanzu ba ku san akwai tsohuwa ba. Tana nan, a ƙarƙashin ruwa. Da can kogi ne, ba tafki ba. Garin yana bakin kogi, jirage na sauke gishiri da goro. Sai gwamnati ta datse kogin a ƙasa. Aka gina mana sabon gari a kan tudu, gidajen siminti jere kamar haƙora. Motoci suka kwashe mu. Ruwa ya ci kasuwa, ya ci masallaci, ya ci maƙabarta. Bishiyoyi suka mutu a tsaye. In ruwa ya ja da bazara, sai ka ga kawunansu a waje.

Hanya biyu ce daga gungu. Ɗaya ta kewaye tsohon gari, tana da nisa. Ɗaya ta ratsa ta kansa. Ba mai bin ta biyun sai jirage sun yi ayari. Ba wanda ya taɓa faɗin dalili.

Arzika ya dubi Kulu. Leɓenta ya yi fari. Ya karya kan jirgi ya miƙe ta kan tsohon gari. Gwaggo ta gani, ta riƙe hannun Kulu.

Rana tana tsaka suka iso daidai tsohuwar kasuwa. Ana gane wurin da wata tsamiya, ƙatuwa, busasshiya, rassanta sun fito saman ruwa. Nan inji ya yi tari ya mutu.

Ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Ya duba mai, akwai. Ya ɗauki filafili ya tsoma. Ruwan ya yi nauyi kamar kunu mai kauri. Ya tuƙa har jijiyar wuyansa ta tashi, jirgi bai gusa ba.

"Sannu da rana, jikan Cindo."

Wani tsoho ne zaune a kan reshe. Farar riga, ƙaramin rawani. Babu jirgi kusa da shi. Bakinsa na motsi, amma ba daga nan muryar take fitowa ba. Daga ƙarƙashin katakon jirgi take tasowa, kamar mai magana a cikin tulu. Ya saki ƙafafunsa suna lilo. A bushe suke ƙayau, jar ƙura ta rufe su har idon sawu. A tsakiyar ruwa.

Arzika ya ajiye filafili. "Yawwa, Baba. Sannu."

"Ina kuka koma?"

"Baba, mara lafiya na ɗauko. Don Allah."

"Na gan ta. Ina kuka koma, na ce."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuskar Kulu, ta kama Ayatul Kursiyyu ƙasa-ƙasa. Tsohon ya karkata kai yana saurare.

"Ɗaga murya, Tumba, mu ma muna karantawa. Tumba mai tallan fura. Kai, kin tsufa."

Gwaggo ta katse karatun.

Ku ji abin da ya faru. A ƙa'idar mutanenmu, ba a tashi daga wuri sai an gaya wa mutanen ɓoye. A je gindin bishiyarsu a zuba nono, a ce, mun tashi, mai biyo mu ya biyo, mai zama ya zauna. Ko ɗaki ɗaya za ka canza, sai ka faɗa. To, ranar ƙaura motocin gwamnati sun zo kafin ranar da aka sa. Ruwa ya riga ya shiga unguwar ƙasa. Kowa na ta kaya da awaki. Sarkin kasuwa, wanda aikinsa ne, yana kwance ba lafiya. Kowa ya zaci wani ya je. Ba wanda ya je.

"Mun tashi da safe ba kowa," in ji tsohon. "Mun ce kasuwa za ta ci, za su dawo. Ruwa ya zo, muka hau sama. Mu ba ma ƙetare ruwa sai an ɗauke mu. Kakanka Cindo ya sani, shi ke ƙetarar da mu."

"Ina yaro lokacin, Baba. Ban sani ba."

"Yanzu ka sani. Kai mu."

Kulu ta yi wani nishi. Jini ya ɓullo ta gefen tabarma, ya bi tsagin katako.

Gwaggo ta matso da bakinta kunnen Arzika. "Kada ka yarda. Maƙwabtansu na da za su nema, gida-gida. Yawanci sun mutu. Wa za su tarar? Jikoki."

"In na ƙi fa?"

Ta dubi jinin.

Arzika ya sa fuska cikin tafin hannu. Ya ɗago. "Ku nawa ne, Baba?"

"Jirginka zai ɗauka."

"Bismillah, ku hau."

Tsohon bai yi tsalle ba. Arzika dai ya ga yana zaune a goshin jirgi. Sai rassa suka fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana sauka daga kansu. Jirgi ya nutsa kaɗan. Ya ƙara nutsawa. Ba a ganin kowa. Amma aka ji an dire kaya. Aka ji wata mace na cewa yaro ya zauna. Warin daddawa da hayaƙin tuya ya cika wurin, irin na ranar kasuwa. Wani abu mai sanyi ya jingina da gwiwar Arzika. Bai duba ba.

Ruwa ya kawo har leɓen jirgi. Da wani ya yi atishawa, da sun tafi.

"Ja igiyarka."

Ja ɗaya inji ya kama.

Suka tafi a hankali. Arzika na riƙe da inji. Can ya fara hango gari. Ya hango kwata, inda jirage ke tsayawa. Mata na wanki. Yara tsirara na faɗawa ruwa daga kan wani mataccen jirgi. Har ihunsu yana ji.

"Ga su can," in ji tsohon. Jirgin duka ya yi motsi, kamar jama'a sun miƙe suna leƙe. "Kowannenmu ya san gidan da zai shiga."

A hannun dama, kafin kwata, akwai wani dutse a cikin ruwa. Kun san shi. A kansa Gidan Hutu yake. Lokacin da garin nan ke ganiyarsa aka gina shi. Motocin kifi na kwana layi a kwata, babban jirgi na ƙetarar da motoci zuwa waccan gaɓa. Turawa da manyan birni na zuwa hutun ƙarshen mako. Su kwanta a kujeru tsirara-tsirara suna gasa jiki, mu muna kallo muna dariya. Janareta na kwana yana kuka. Sai aka yi kwalta ta wancan gefe. Babban jirgi ya daina aiki. Kifi ya ragu. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Gidan ya zama kango, ɗakuna a jere ba kowa. Gadar katako ce kawai ta haɗa shi da gari.

Arzika ya karkata jirgi dama.

"Ba nan ba ne," in ji muryar daga ƙarƙashin ƙafarsa. Inji ya fara tari.

"Baba, ku saurare ni. Baƙo ba ya faɗa wa gari haka nan da rana tsaka. Masauki ake kai shi, a sanar da masu gari, su shirya."

"Mu ne baƙi? Mun riga kakan kakanka."

"A can. A nan kowa baƙo ne. Mu ma da aka kawo mu, a rumfa muka kwana kafin a nuna wa kowa ƙofarsa. Gwaggo, ƙarya nake?"

"Haka aka yi," in ji Gwaggo. Muryarta kamar ba tata ba. "Har sauro ya cinye mu."

Tsohon ya dubi dutsen. Inji na tari, yana kamawa. Arzika ya dubi Kulu. Mayafin da ke kan fuskarta ya kusa daina motsi.

"Baba, za ta mutu. Wallahi za ta mutu."

"Akwai ɗakuna?"

"Sun ishe ku."

"Inuwa fa?"

"Akwai darbejiya, manya."

"To. Za mu jira a aiko."

Goshin jirgi ya taɓa dutse. Jirgi ya fara tasowa, kaɗan-kaɗan. Aka ji takun sawu a kan matakala, da yawa, manya da ƙanana. Can sama wata ƙofa ta buɗe. Sai wata. Sai wata.

A nan Arzika ya tuna da Baba Nomau. Mai gadin gidan ne tun lokacin da Turawa ke zuwa. Da aka rufe bai tafi ba, ba shi da inda za shi. Yana can ciki da butarsa da tabarmarsa. Arzika ya buɗe baki zai yi kira. Kulu ta shaƙi numfashi, ya tsaya mata. Ya rufe bakinsa.

Tsohon mai rawani ne ƙarshen sauka. Ya sa hannu cikin riga ya ciro tsamiya guda, ɗanya shar, har da ganye a jiki.

"Ba ma hawa jirgin mutum kyauta. Ba wa matarka."

Ya ajiye a kan katako. Da Arzika ya ɗaga ido, babu kowa a matakala.

"Jefar, Gwaggo."

Gwaggo ta ɗauka za ta jefa. Ta ɗaga mayafi ta dubi Kulu. Idanun sun juye. Ta ce, "Allah na tuba." Ta fasa tsamiyar da haƙori, ta matse a bakin yarinyar.

Kulu ta yamutse fuska. Ta yi tari. Ta kwarma ihu, har matan kwata suka ɗago kai.

"Tuƙa, ɗan banza, tuƙa!" in ji Gwaggo tana kuka.

Masu dako suka ɗauke ta a guje zuwa asibiti. Aka shiga da ita. Arzika ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Hadarin nan ya ɓarke da la'asar, ya jiƙe shi sharkaf, bai matsa ba. Bayan magariba wata ma'aikaciya ta leƙo.

"Ina mijin? Mace ce. Uwar ma tana nan. Da kun ƙara jinkiri, da sai dai wani zancen."

Bai yi murna a fili ba. Ya ce alhamdulillahi. Ya juya yana kallon dutse ta cikin ruwan sama.

Har yau ba a aika ba. Wa zai aika? Suna can suna jira. Saboda haka nake gaya muku. Kada ɗayanku ya bi bakin ruwan nan shi kaɗai, ko da rana. Kada ya kai jirgi jikin dutsen. In ka je, za a tambaye ka, kai aka aiko? Ka ce e, ka ɗauko su. Ka ce a'a, ka ɓata musu rai. Babu amsa mai kyau. Kada ka je, shi ke nan.

Washegarin haihuwar, da aka idar da asuba, Arzika ya ari gatari a wurin ubana. Ya tafi bakin gadar katako. Bai hau ba. Baba Nomau yana wancan ƙarshe, yana shara. Ƙofofin gidan duk a buɗe, an shanya tabarmi a rana.

"Baba Nomau! Taho. Ɗauko butarka ka taho."

Tsohon ya jingina tsintsiya. Ya dubi gatarin.

"Kai ka kawo su?"

"Ni ne."

"Matar fa?"

"Ta sauka. Mace."

"Madalla. Allah ya raya." Ya waiwaya baya, ya rage murya. "Tun jiya suke tambayata yaushe za a aiko. Na ce gobe. Yau ma sun tambaya. Na ce gobe."

"Baba, don girman Allah ka taho."

"In na taho, wa zai riƙa ce musu gobe? Su gaji su tako gadar nan da ƙafarsu?"

Arzika ya gyara riƙon gatarin.

"Shekara nawa ina gadin ɗaki babu kowa," in ji Baba Nomau. "Bari in yi aikina. Abinci a miƙo mini da gora. Kada jirgi ya taɓa dutse. Sare, yaro, tun ba su fito ba."

Ya ɗauki tsintsiyarsa ya juya.

Arzika ya tofa yawu a tafin hannu. Ya fara da ginshiƙin farko. Bai tsaya ba sai da katako na ƙarshe ya faɗa ruwa.