Sufana Mai Cewa Ƙas

Ranar Litinin da hantsi Kadijatu makanikiya ta shigo kwamisariyar 'yan sandan Mayahi, hannu duk baƙin mai, ta ce wa Sufeto Muddassir an sace mata sufana.

Sufeto ya ajiye kofin shayinsa. Shekara goma sha ɗaya yana aiki, ba a taɓa kawo masa ƙarar sufana ba.

"Ki sayi wata mana."

"Ba irin wadda ka sani ba ce, ranka shi daɗe. Mai awo ce. Ka saita ta bisa lamba, kana ɗaure bulon, ƙusar nan ta inji, da ya kai ƙa'ida sai ta ce ƙas, ka tsaya. Ita kaɗai ce a garin nan. Kwana takwas ina nemanta."

Baburan masu allurar rigakafi shida ne a hannunta, duk ta buɗe injinsu, kuma ranar Alhamis za su fita ƙauyukan Attantane. In ba ta rufe su bisa awo ba, za a karɓe aikin a ba wani. Sufeto ya ga tsoro a idonta, ya daina murmushi.

"Wa ke shiga garejinki?"

"Kowa. Har Baba Maman Sani na tsallaken titi. Kullum sai ya leƙo ya yi mani dariya."

Maman Sani ya shekara arba'in yana gyaran babur, kuma a ganinsa bulon bai ɗauru ba sai ya yi kuka. Da Sufeto ya je ya tambaye shi, sai ya naɗe hannun riga.

"Ni da sufanar yara? Wanga hannu shi ne awo. Ko taɓa ta ban taɓa yi ba."

Sufeto ya gyaɗa kai, idonsa na kan gwangwanin da tsohon ke jefa karyayyun bulon. Duk gari an san gwangwanin nan, babur ɗin Sufeto ma ya ba da gudummawar uku. Yau gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Ya zarce shagon Sa'adiya mai kayan gyara. Kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Sufeto, lafiyar Baba Maman Sani kuwa? Kwana takwas bai sayi bulon ba. Da kullum sai ya karya biyar. Har na yi shirin zuwa dubiya."

"Kwana nawa kika ce?"

"Takwas cif."

Sufeto ya koma bayan shago, ya sassauta bulon ɗaya a injin babur ɗinsa, ya turo shi gaban Maman Sani.

"Baba, ɗaure mani wannan. Nan zan jira."

Tsohon ya waiwayi ɗakin kayansa, ya dubi Sufeto, sannan ya ɗauko tsohuwar sufanarsa. Ya fara ja a hankali, abin da ba a taɓa gani ba. Ya karkata kai, ya kai kunne kusa da inji. Shiru. Ya ƙara ja, yana jira. Bulon ya karye.

"Mi kake saurare, Baba?"

"Kiran salla."

"Da ƙarfe sha ɗaya na safe?"

A ɗakin kayansa aka sami sufanar Kadijatu, naɗe cikin sabon rawani. Kadijatu ta zo a guje, ta jujjuya ta, ta ɗago da mamaki.

"Har ya maida ta ƙaramar lamba bayan aiki, yadda ake yi."

"Wata shida ina kallonki," in ji Maman Sani, kansa a ƙasa. "Ba dariya ke kai ni ba. Hannun ya daina ji, ɗiyata. Kunya ta hana ni roƙo."

Kadijatu ta ji tausayinsa. "Da ka tambaya, Baba, ai da na ba ka."

"Ita tambayar ce na kasa."

Sufeto ya ce dole a je a rubuta bayani, ko da za ta yafe. Tsohon ya sa hula ya bi shi. 'Yan kabu-kabu sun cika bakin titi suna kallo. Sai ya matso ya rage murya.

"Sufeto, alfarma guda. A rubuta sayarwa zan yi. Kada a rubuta aiki na yi da ita."