Lamba Biyar a Bakin Kwazazzabo

Ƙwallon da Ja'afaru ya buga ranar nan ta Asabar ko kusa da rami ba ta je ba. Sama ta yi, ta tsallake da'irar baƙin yashin da ramin yake tsakiyarta, ta wuce bishiyoyin mangwaro, sai ji ya yi kwas! a jikin ƙarfe.

Shi ƙaramin akawu ne a ma'aikatar ayyuka, bai daɗe da fara wasan golf ba, sandunan ma na aro ne daga shugabansa na ofis, Malam Maliki. Motocin da ake ajiyewa a bayan mangwaron nan kuwa duk na manya ne.

Ya je yana sanɗa. Wata farar Fijo ce, ƙofarta a buɗe, wata budurwa na tsaye tana juya ƙwallon a tafin hannunta.

"Da wace sanda ka buga?" Ko gaisuwa ba ta jira ba.

"Lamba uku."

"Daga can ɗin? Malam, ramin kake nema ko garin Rigachikun?"

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, dariyarta ta riga shi. Ta ce masa ƙaramar lamba nesa take kai ƙwallo, babbar lamba ɗaga ta take yi ta sauke kusa, wannan ko ita da ba ta taɓa bugawa ba, ta san haka. Sunanta Safara'u, malamar firamare ce, mahaifinta Alhaji Datti take jira, babban sakatare, wanda ya fi son filin nan da tuwon gidansa. Daga ranar ta raɗa wa Ja'afaru suna Lamba Uku, shi kuwa bawan Allah sunan ya fi masa na yanka daɗi.

Abu ya yi nisa. Yakan hau babur ɗin da ya saya da ƙarin albashin Udoji ya je zance da la'asar, ya zauna a bakin baranda yana ta gyaran hula. Ya gaya mata komai: mahaifinsa kafinta ne a Rafin Guza, shi kuma ɗaki biyu ya gina a gefen gidan.

"Ɗaki biyu ai ya yi mana yawa," in ji ta. "Ɗaya mu, ɗaya ƙwallayen da kake ɓatarwa."

"Safara'una, ni fa tsoro nake ji."

"Na wa?"

"Na Baba. Da na Labaran."

Labaran hafsan sojan sama ne a Mando, ɗan aminin Alhaji, ga mota ga kyau, kuma a filin golf babu mai raina hannunsa. Kowa a gidan ya san shi Alhaji yake so ta aura.

Ranar da Alhaji Datti ya kira Ja'afaru falo, tambaya ɗaya ya yi masa, yana dubansa ta saman tabarau.

"Ina za ka ajiye ta?"

Ja'afaru ya dubi kujerun, ya dubi fankar da take juyawa a sama, sai bakinsa ya yi gaba ya bar hankalinsa a baya.

"An kusa ba ni gida a kwatas, ranka ya daɗe. Da rancen mota."

Babu ko ɗaya. Matakinsa a wurin aiki ma bai kai ya nema ba.

Alhaji ya gyaɗa kai kawai. "Ka same ni a fili ranar Asabar. Labaran ma zai zo."

Safara'u tana bayan labule, ta ji komai. Ranar ba ta fito rakiya ba. Ya yi ta buga wayar gidansu daga ofis, sai a ce tana makaranta, ko tana barci. Sai ranar Juma'a da hantsi ta ɗauka.

"Ɗakin namu kunyarsa kake ji?"

"Wallahi a'a. Tsoro ne ya kama ni."

"Ni ɗaki biyu na ce ina so. Wancan mai kwatas ɗin ban san shi ba."

Can ta sassauta murya.

"Lamba Uku, ka ji abu ɗaya. Ni nake goge sandunan Baba. Akwai kwazazzabon nan na gaban rami na tara. Tun yana saurayi da lamba bakwai yake haye shi, yanzu kuwa ba ta kai masa, duk Asabar sai ruwa ya ci ƙwallonsa ya dawo gida yana faɗa da kowa. Mutumin da ya taɓa ce masa ya canja sanda, har yau ba sa gaisawa. Don Allah kome ka gani, ka kama bakinka."

"Na kama."

Asabar ta zo da hadari a gabas, amma ko ganye ba ya motsi. Labaran yana bugu yana ba Alhaji labarin jirage, Alhaji na dariya. Shi kuwa Ja'afaru in ban da "bismilla, buga" babu abin da aka ce masa. Daga nesa yana hango farar Fijo a ƙarƙashin mangwaro, ya san wadda take ciki, kuma ya san yau ne ko dai ya same ta ko ya rasa ta.

Suka iso rami na tara. Ƙwallayensu uku sun faɗi kusa da juna, ga kwazazzabo cike da jan ruwan damina, ga tutar ramin can a ƙetare. Labaran ya zaro lamba takwas ya ɗaga ƙwallo, ta sauka a kan yashi lafiya lau.

Saura Ja'afaru. Hannunsa ya kai kan lamba bakwai. Ya taɓa hayewa da ita, wata rana da babu mai kallo. In ya sake yi yau, a gaban Alhaji, ai ya nuna shi ma namiji ne. In kuma ta faɗa ruwa fa? Ya tsaya har Labaran ya fara fito. Sai ya saki bakwai ya zaro biyar.

"Biyar?" Labaran ya tuntsire da dariya. "Haba ɗan'uwa, ai wannan ta masu ciwon gwiwa ce."

Bugun bai yi kyau ba, gaskiya. Ƙasa-ƙasa ƙwallon ta tafi, amma ta haye ruwan, ta gangara ta kwanta a gefen yashi.

Alhaji Datti ya juyo. "Saurayi kamarka, me ya hana ka ɗaukar bakwai?"

"Sau ɗaya ta taɓa kai min, Baba, ranar da sa'a ta zo. Biyar ce daidai hannuna." Ya ji in bai faɗa yanzu ba, ba zai ƙara samun ƙarfin hali ba. "Ranar nan a falo ma bakwai na ɗauka. Babu kwatas, babu rancen mota. Ɗaki biyu ne a Rafin Guza, da babur."

"Na sani," in ji Alhaji. "Da Maliki muke sallar Juma'a."

Ƙasa ta ƙi tsagewa Ja'afaru ya shige. Alhaji ya zaro tasa lamba bakwai, ya auna ruwan da ido, ya daɗe. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "To ni fa? Wace zan ɗauka?"

"Bakwai mana, Alhaji," Labaran ya yi caraf. "Iska ce kullum take cutarka a nan."

"Ba kai na tambaya ba."

Ja'afaru ya ji muryar Safara'u a kunnensa tana cewa ka kama bakinka. Ya dubi furfurar da ta leƙo ƙarƙashin hular dattijon, ya ji tausayinsa ya fi tsoronsa. Bakin dai ya kama shi. Sai ya goge mariƙin lamba biyar da gefen rigarsa, ya rusuna, ya miƙa da hannu biyu.

Fuskar Alhaji ta ɗaure. Labaran ya kau da kai. Ja'afaru yana duƙe, yana cewa a ransa shi ke nan, ya rasa ta.

Sai ya ji nauyin sandar ya bar hannunsa.

Alhaji ya gyara tsayuwa ya buga. Ƙwallon ta tashi, ta bar ruwan a baya, ta sauka gaban ta Labaran, ta mirgina ta tsaya dab da tuta. Dattijon ya tsaya yana kallonta kamar wanda ya ga tsohon abokin da ya ɗauka ya rasu. Haka suka ƙarasa wasan aka tashi.

A bakin mota Safara'u ta fito, idonta na tambayar Ja'afaru. Alhaji ya zare lamba bakwai daga jakarsa ya miƙa mata.

"Ungo. Ki goge ta, ki sa ta cikin kayan ɗakinki. Wata rana hannun mijinki zai kai." Ya juya ga Ja'afaru. "Kai kuma ka gaya wa mahaifinka ina jiran mutanensa. Biyar ɗin nan ka ce wa Maliki ta zauna a wurina."

Safara'u ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba.

Bayan damina aka ɗaura aure. Motocin manya suka cika lungun Rafin Guza har masu tireda suka janye teburansu, Labaran ma ya zo ya ci goro ya yi addu'a. Alhaji ya dafa kan su biyun ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya hore musu abin da ya fi ɗaki biyu a lokacin da ya dace. Kowa ya shafa.

Da jama'a suka watse, Ja'afaru ya shiga ya tarar ta jingina sandar a bango, tsakanin jeren kwanukanta masu sheƙi.

"Amarya, yaushe zan fara gwada ta?"

"Lamba Uku," ta ce, tana jan mayafi don kada ya ga murmushin, "Baba ya ce wata rana. Bai ce gobe ba."