Gidan Da Ba Ƙofa

Ranar da masu fim suka zo ɗaukar shiri a kan gidansu, yana tsaye jikin ginshiƙi a falo, kamar da shi aka zana ginin. Mahaifinsa shahararren mai zanen gine-gine ne, kuma wannan gidan ne ya fito da sunansa. Daga falo har ɗakunan barci babu ƙofa ko ɗaya, sai ta waje.

Budurwar da ke ɗaukar sauti ta zare na'urar daga kunnenta ta dube shi.

"Malam, kana numfashi kuwa? Ina jin agogon kicin, amma kai ba na jin ka."

"Haka muka saba," ya ce.

Ya daɗe bai ji komai a ransa ba, daɗi ko akasinsa. Wanda ya tashi inda kowa ke jin motsin kowa, da wuri yake koyon naɗe zuciyarsa ya ajiye. Ta sa masa suna Ginshiƙi, shi kuma ya rama da Kunnuwa.

"Ginshiƙina, yau ka yi murmushi. Kamara ta kama ka," ta rubuto masa a waya.

"Kuskure aka samu, Kunnuwata. Amma in kin zo gobe zan iya sakewa."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta ya zo ya zagaya sashen da aka zana wa yaron tun yana goye. Ya fito yana girgiza kai.

"Ba zan kai 'yata inda surukinta zai riƙa jin tarinta ba. A sa ƙofa, ko a bar maganar."

Mai zanen ya yi dariya. A ranar ma ya faɗa wa kamara cewa ƙofa tsoro ce da aka shafa wa fenti, kuma masu ƙaunar juna ba su da abin ɓoyewa. Sannan ya ce wa ɗansa, "Mata suna da yawa. Gidan nan ɗaya ne."

"To, Baba."

Ya rubuta mata: "Baba ya ƙi."

"Kai kuma fa?"

Bai amsa ba. Yana sonta, wannan ba shakka, amma ya laluba ƙirjinsa ya ji shiru. Ita kuma ta ɗauka amsar ke nan.

Hira ta ƙarshe da mahaifiyarsa aka yi. Kunnuwa ta riƙe makirufo idanunta a kumbure, ko inda yake ba ta kalla ba. Darakta ya tambayi uwar yadda zama a irin wannan gida yake.

"Akwai iska, akwai haske," ta ce. Ta gyara mayafinta. "Ranar da mahaifiyata ta rasu, mota na shiga na yi kukana. A nan babu inda mutum zai yi."

A hankali ta faɗa, amma gida ne da ba ya riƙe magana. Mai zanen yana can ƙuryar ɗakin aikinsa, ya ji tsaf.

Ginshiƙi ya miƙe. Tsoro ne ya kama shi, kuma har ya yi marmarin tsoron.

"Baba, zan sa ƙofar. In ka hana, zan bar maka gidan."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya jawo fensir.

Ana gobe ɗaurin aure kafinta ya iso, da ƙofa biyu a bayan mota.

Da aka kawo amarya, uwar ta haɗa hannuwansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sirrin da za ku rufe." Kunnuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi, angon na share ido ba kunya.

Daga nan uwar ta wuce ɗakinta ta turo ƙofa. Mai zanen ya biyo ta, ya tsaya turus a gaban katakon. Can ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?" ta ce.

"Ni ne."

Ta bar shi ya ɗan jira.